Sugan Asuba: Me Ya Kamata a Saya, Me Ya Kamata a Bari?

Wasiƙun wannan makon duk na masu ciwon suga ne da ke allurar insulin, kuma kukan da ya fi yawa shi ne: mutum ya kwanta lafiya, ya tashi sallar asuba, ya huda yatsa, ya ga lambar da ta ɓata masa rai tun kafin ya kurɓi ruwa. Na gajarta wasiƙun, na kuma sakaya sunaye.

"In ƙara allura ko in sauya insulin?"

*Assalamu alaikum. Shekarata 36, ina sayar da kayan gini. Ina yin Mixtard sau biyu, safe da magariba. Da rana sugana ba laifi, amma duk asubar Allah sai in tarar da shi 220, wani lokacin 260, alhali rabona da abinci tun tuwon dare. Wani abokina mai irin ciwon ya ce in ƙara yunit 4 a allurar magariba. Mai kemis kuma ya ce in bar Mixtard in sayi Lantus. Wanne zan bi? — Malam S., Gusau*

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Da abokinka da mai kemis, dukkansu sun ba ka magani ba tare da sun san abin da ke faruwa a jininka tsakanin ƙarfe 10 na dare da kiran sallar farko ba, kuma kai ma ba ka sani ba, domin barci kake yi a lokacin. Lambar asuba 240 tana iya fitowa daga hanyoyi daban-daban, wata maganinta a ƙara insulin, wata kuma maganinta a rage shi.

Mu fara da abin da ke ɗaure maka kai, wato yadda suga ke hawa ba ka ci komai ba. Hanta tana da rumbun suga nata. Daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa hantsi, jiki yana sako wasu sinadarai da ke shirya mutum ya farka, su kuma suna umartar hanta ta zuba suga a jini, suna kuma dakushe kaifin insulin. Kamar uwargida ce da ke tashi ta hura wuta tun gida yana barci. Kowa haka jikinsa yake yi. Wanda ba shi da ciwon, jikinsa kan ƙara insulin nan take ya daidaita abin. Kai kuwa insulin ɗin da ke jikinka shi ne wanda ka yi da magariba, iyakarsa ke nan.

A nan ne Mixtard ke shigowa. Gauraye ne: kashi 30 mai saurin aiki ne domin abincin da za ka ci, kashi 70 mai jan lokaci ne. Mai jan lokacin yana kai ganiyar ƙarfinsa awa 4 zuwa 8 bayan allura, daga nan ya fara sanyi. Ka lissafa da kanka. Idan ka yi allura ƙarfe 7 na yamma, ƙarfinta yana tsakanin ƙarfe 11 na dare da ƙarfe 3, daidai lokacin da jiki ya fi ƙarancin buƙatarta. Lokacin da hanta ta fara zubo nata sugan, allurar ta fara gajiya. To in ka ƙara yunit 4 kamar yadda abokinka ya ce, yawancin ƙarin zai sauka a tsakar dare ne, ba da asuba ba. Kana iya faɗawa ƙarancin suga kana barci, kuma wannan ya fi 240 ɗin asuba haɗari nesa ba kusa ba.

Abin da za ka saya a wannan makon shi ne ƙarin gwangwanin sitirif, wato 'yan tsinken da ake ɗiga wa jini a saka a na'urar gwaji, da ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ka ware dare 3 ko 4, ba lallai a jere ba, waɗanda cin abincinka da aikinka suke kamar kullum. Ka gwada kafin ka kwanta, ka saka ƙararrawar waya ta tashe ka tsakanin ƙarfe 2 da 3 ka gwada, sannan ka gwada da asuba. Ka rubuta lambobin, da abin da ka ci, da lokacin da ka ci, da lokacin allura. In kana cikin masu tashi nafilar dare, aikin ya zo maka da sauƙi.

Ga yadda ake karanta su. Idan tun wajen kwanciya kana kan 230, ƙarfe 3 kana nan, asuba kana nan, to asuba ba ta da laifi, tuwon dare ne bai samu insulin da ya ishe shi ba, ko an ci shi a makare. Masu shaguna irinku kun san halinku: allura da magariba, a ɗan taɓa abinci, sannan a rufe shago ƙarfe 10 a tsaya wajen mai shayi ko mai tsire. Nama mai maiƙo da ƙuli yana jinkirta narkewar abinci, sai sugan burodin da aka haɗa da shi ya riƙa fitowa sannu-sannu har cikin dare. Idan kuwa ka kwanta da 130, ƙarfe 3 ka ga 140, asuba ka ga 240, wannan aikin hanta ne da gajiyar allura. Idan ƙarfe 3 ka ga ƙasa da 70, ko kana farkawa jiƙe da gumi, da mugun mafarki, da ciwon kai, insulin ɗin dare ya yi maka yawa, ragewa za a yi. Likitoci sun daɗe suna koyar da cewa faɗuwar suga cikin dare kan sa jiki ya mayar da martani ya cilla shi sama da safe, abin da ake jingina wa Michael Somogyi, masani ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka. Binciken baya-bayan nan da na'urorin da ke auna suga dare da rana ya nuna hakan bai cika faruwa ba kamar yadda aka ɗauka. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne mutum ya farka yana kakkarwa, ya auka wa duk abin da ya samu a kicin. Ko ma wanne ne, faɗuwar daren ita ce abin gyarawa. In ta same ka, ka sha babban cokali 1 na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ka jira minti 15, ka sake gwadawa.

Littafin nan za ka kai wa likitanka, shi zai taɓa adadin allura, ba kai ba, ba ni ba. Yawancin manya ana so su tashi tsakanin 80 da 130, amma likita kan sassauta wa tsofaffi da masu yawan faɗuwar suga.

Batun Lantus. Insulin ne mai kyau, yana aiki kusan awa 24 ba tare da wani babban tudu a tsakiya ba, shi ya sa faɗuwar dare ta fi ƙaranci ga masu yin sa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irinsa a jerin muhimman magunguna. Amma ga abin da mai kemis bai faɗa maka ba: Lantus ba ya ɗauke da kason abinci. In ka bar Mixtard ka koma kansa, mai yiwuwa sai ka sayi wani insulin mai sauri daban domin kowane cin abinci. Allura 2 a rana ta koma 4, kuɗin wata ya ninka ko ya wuce. Akwai tsakatsaki da likitoci ke yi tun kafin zuwan waɗannan sababbin: a raba allurar yamma biyu, Actrapid mai saurin aiki kafin abincin dare, Insulatard mai jan lokaci wajen ƙarfe 10 lokacin kwanciya, yadda ƙarfinsa zai faɗo daidai asuba. Ƙarin huda ɗaya ne, kuɗin kuma bai yi nisa da wanda ka saba ba. Ka tambayi likitanka wannan kafin ka ɗauki nauyin da aljihu zai gaza bayan wata uku. A ganina insulin mai araha da ba ya yankewa ya fi mai tsada da za a riƙa yi ana tsallake kwanaki.

Na'ura biyu, lamba biyu

*'Yata shekararta 11, an gano ciwon bara. Muna da na'urar gwaji, kawunta ya kawo mana wata daga Kano. Jiya da asuba ɗaya ta ce 190, ɗaya ta ce 215. Takardar asibiti kuma 1,9 take rubutawa. Wacce ce ta gaskiya? Kuma na ji akwai wadda ake liƙawa a dantse ba sai an huda yatsa ba, ta cancanci kuɗinta? — Maman Z., Maraɗi*

Allah ya ba ta lafiya, Maman Z., ya kuma ba ki juriya. Duka biyun ba su yi ƙarya ba. Ƙa'idar da ake ƙera waɗannan na'urori a kai ta yarda lamba ta kauce da kusan kashi 15 cikin 100, don haka 190 da 215 jini ɗaya suke nufi. Ki zaɓi ɗaya ki ajiye ɗayar. Takardar asibitinku kuwa ma'aunin ƙasashen Faransanci take bi: 1,9 shi ne 190. In kuma wata rana kika ga na'ura tana nuna 10.5, ba ta lalace ba, wani ma'aunin ne na daban, sai ki ninka da 18.

Wajen zaɓa, ki bar kallon kyan na'urar, ki dubi sitirif ɗinta. Na'ura sau ɗaya ake saye, sitirif kuwa har abada. Wacce ce ake samun nata a kemis ɗin Maraɗi ba sai an aika Kano ba? Nawa ne gwangwani mai 50? Wannan ce taki. Ki duba ranar ƙarewar aiki a jikin gwangwanin, ki rufe murfin da zarar kin zaro ɗaya, kada ki juye su a leda ko ki bar su a taga. Kuma ki sa ta wanke hannu da sabulu ta shanya kafin gwaji. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro kan ba da lambar da za ta firgita ki a banza.

Wadda ake liƙawa a dantse, irin su FreeStyle Libre, kwana 14 take yi a cire a sa sabuwa, kuma tana da tsada. Ga yarinya mai shekara 11, amfaninta babba ne, domin tana zana miki yadda dare ya gudana ba tare da kin tashe ta ba. In ba za ki iya ɗaukar nauyinta kullum ba, saye ɗaya ma ba asara ba ce: dare 14 a jere sun isa likita ya gane inda matsalar asuba take. Ki tambaya ko samfurin yana yin ƙarar gargaɗi in suga ya faɗi, domin samfurin farko ba ya yi, na bayansa ne ke yi. Abu biyu kuma: in yarinyar ta kwanta a kan hannun, na'urar tana iya nuna ƙasa alhali ba haka ba ne, kuma gumin bazara yana ɗaye ta. Duk lokacin da lambarta ta saɓa da yadda yarinyar ke ji, ki koma yatsa.

Zafi da rashin wuta

*Tun shigowar bazara sugana na safe ya hau, ban sauya komai ba. Wuta ba ta zama a unguwarmu. Ina kai insulin ɗina wajen mai sayar da ƙanƙara ya ajiye mini. In ci bashi in sayi ƙaramin firiji mai sola? — Alhaji M., Potiskum*

Alhaji, ka je yau ka karɓo kwalbarka daga wajen mai ƙanƙara. Injinsa daskarar da abu yake yi, insulin kuwa in ya daskare sau ɗaya ya tashi daga aiki, ko da ya narke ya koma kamar yadda yake a ido. Ina kyautata zaton a nan matsalarka take. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ake amfani da shi kuwa yana iya zama a waje kusan mako 4, muddin ba a bar shi a rana, ko aljihun riga, ko cikin mota ba.

Ba sai ka ci bashi ba. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun fitar da binciken da suka gina a kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako 4. Potiskum a watan Afrilu takan wuce haka, don haka kana buƙatar abin rage zafi, kuma abin yana kasuwar tukwane. Tukunyar ƙasa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa ke nan domin adana tumatir da alayyafo, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka saka kwalbar a cikin roba mai murfi kada ruwa ya taɓa bakinta, ka riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ta fi aiki da rani. Da damina iska ta riga ta jiƙe, sanyinta kan ragu, amma zafin ma ya sauka.

Ka riƙa sayen na wata ɗaya kawai, a shagon da ka ga an ciro shi daga firiji mai aiki a gabanka, ka duba lambar NAFDAC, ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin. Mai kama da ruwa ya zauna garau. Mai kama da madara, in ka murza shi a tafin hannu ya haɗu sumul, ba gudaji, ba abin da ya manne a gilashin.

Ga wani gargaɗi da ya shafi kowa. Idan suga ya haura 250 ya ƙi sauka, ga amai, ga ciwon ciki, ga ƙishirwa, numfashi yana fita da ƙarfi da sauri, ba maganar jiran gobe ba ce, asibiti za a nufa a lokacin. Zazzaɓin cizon sauro, ƙurji, ciwon haƙori, da magunguna irin su dexamethasone duk suna ɗaga suga. Mai zazzaɓi ko da bai iya cin abinci ba, ba ya daina insulin ɗinsa mai jan lokaci sai da maganar likita.

Koko ne ko alkama?

*Ni ina tashi da 120, lafiya lau. Amma bayan karin kumallo sai ya kai 280. Koko nake sha da ƙosai. An ce in koma garin alkama da zuma maimakon sukari. In saya? — Hajiya R., Zariya*

Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Alkama hatsi ce kamar gero da dawa, in ta shiga ciki suga take zama, zuma kuma a jini ba ta da wani bambancin kirki da sukari. Ban san wanda ya fara yaɗa cewa tuwon alkama abincin masu suga ne ba, amma ya sa mutane suna cin malmala biyu da kwanciyar hankali.

Naki ba na asuba ba ne, na hantsi ne, sai dai tushensu ɗaya: da safe jiki ya fi taurin kai ga insulin, kofin kokon da zai wuce lafiya da yamma sai ya yi ɓarna da safe. Koko kuma gasara ce da aka tace aka raba ta da dusa, ga ta ruwa-ruwa, tana shiga jini da gudu. Ki juya lissafin: ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai su zama su ne abincin, a fara da su, koko ya zama rabin kofi ba sukari. Kwaɗon zogale da ƙuli ma karin kumallo ne mai kyau in ba a zuba masa sukari ba.

Sannan ki dubi agogo. Mixtard da Actrapid suna buƙatar kusan minti 30 kafin su kama aiki. Mata da yawa suna yin allura kofi yana hannu, saboda hidimar shirya yara makaranta, sai koko ya riga insulin isa. Ki yi allurar, ki shirya yaran, sannan ki zauna ki karya, amma kada hidima ta ɗauke miki hankali ki wuce lokacin. Ki gwada awa 2 bayan cin abincin na 'yan kwanaki. In har yanzu yana haura 180, ki kai wa likita lambobin.

A taƙaice

Wani bawan Allah daga Agadas ya tambaya ko ya sayi garin maganin da ake tallarsa da lasifika, wanda aka ce yana raba mutum da allura. A'a. Wanda jikinsa ya daina yin insulin, babu saiwa ko ganyen da zai maye gurbinsa, kuma masu ajiye allura saboda irin wannan talla a ɗakin gaggawa ake ganinsu.

Wata ɗaliba daga Sakkwato ta ce wuri ɗaya take yin allura a cinya domin ba ya zafi, har ya yi tudu. Rashin zafin shi ne alamar wurin ya lalace. Kitse ne ya taru ya yi tauri, insulin ɗin da aka zuba a ciki yau ya fita da wuri, gobe ya maƙale, sai lambar asuba ta riƙa rawa ba dalili. Ki bar wurin ya huta na wasu watanni, ki riƙa zagayawa tsakanin ciki da cinyoyi, kowace huda ta yi nisan faɗin yatsa da ta jiya. Allurai gajeru masu milimita 4 na biron insulin sun isa kowa, mai jiki da siriri. Mai sirinji kuma ya tabbatar lambar jikin sirinjin ta dace da ta kwalba, wato lambar ƙarfin insulin: U-100 da U-100, domin zuba insulin U-100 a sirinjin U-40 yana ba da ninki biyu da rabi na abin da aka yi niyya. Ranar da kika koma sabon wuri, insulin zai shiga jini fiye da yadda kika saba, don haka ki sanar da likitarki tun kafin ki sauya, ki kuma gwada ƙarfe 3 na dare a makon farko.